Sanya wa ƙaramin babur fitilar HID mai araha: tana da amfani, ko LED ta fi?

Manomi_Gumel:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar babur. Babur ɗina ƙarami ne mai 100cc, da shi nake zuwa gona da kasuwannin ƙauye, kuma sau da yawa ba na kamo hanyar gida sai bayan sallar magariba. Hanyar tamu burji ce mai ramuka, ga amalanken shanu da jakuna waɗanda babu ko ɗigon haske a jikinsu, ga kuma masu tafiya a ƙasa. Fitilar babur ɗin ja-ja take yi, kuma da zarar na sassauta totur domin in kauce wa rami sai ta dushe, wato a daidai lokacin da na fi bukatarta.

A shagon kayan babur an nuna mini wani kwali mai ɗauke da dogon ƙwan fitila, da ƙaramin akwatin ƙarfe da suke kira balas, da wayoyi, an rubuta HID 35W 8000K a jikinsa. Mai shagon ya ce haskenta ya ninka na tawa sau uku, kuma kuɗinta bai fi ƙarfina ba. Shin za ta zauna a kan irin wannan babur ba tare da ta kashe mini batir ba? Kuma ita ce ta fi, ko ƙwan LED da nake gani a baburan matasa?

Rewaya_Funtua:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka yi wannan gwaji: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, sannan ka kunna babbar fitila. Idan ta kama, daga batir take shan wuta. Idan kuwa ba ta kama ba sai inji ya tashi, kuma haskenta yana ƙaruwa idan ka ja totur, to kai tsaye daga koyil ɗin da ke samar da wuta a cikin inji take sha, wato wutar AC ce, mai hawa da sauka. Bayanin da ka yi ya nuna taka ta biyun ce, kuma haka yawancin ƙananan baburan da ke hannun mutanenmu suke, musamman masu zubin tsohuwar CG125. Balas ɗin HID na kasuwa wutar DC mai tsayawa daidai yake bukata, irin ta batir. Idan aka jona shi a soket ɗin fitilarka yadda yake, ko dai ya riƙa kamawa yana ɗaukewa, ko kuma ya ƙone.

Manomi_Gumel:
Na gode, Malam. Na gwada kamar yadda ka ce, kuma ba ta kama ba sai da na tayar da inji.

Dan_Kabukabu_Konni:
To tun da haka ne, bari in faɗa maka abin da na gani a nawa babur ɗin. Wani mai gyara ya ce mini abin mai sauƙi ne, sai ya janyo waya daga batir kai tsaye zuwa balas, ya sa mini makunni a kan hannu. Haske kam na same shi, fari fat, har abokan sana'ata suna tambayata inda na saya. Amma ba a daɗe ba sitata ta daina juyawa, hon ya shaƙe, sigina ta daina ƙiftawa, na koma tayarwa da ƙafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan batir ya yi ƙasa, ita wannan fitila ba ta dushewa a hankali yadda tsohuwar take yi, ɗaukewa take yi gaba ɗaya, ka tsinci kanka cikin duhu kana tafe da fasinja a baya. Na canza batir, shi ma sabon bai jima ba ya bi sahun na farko. Daga ƙarshe cire ta na yi.

Malamin_Kimiyya:
Abin da ya sami ɗan'uwanmu na Konni lissafi ne ya kawo shi, kuma yana da kyau mai tambaya ya fahimce shi. Ƙwan da ka saba da shi yana da siririyar wayar ƙarfe a ciki wadda take yin ja idan wuta ta ratsa ta. Ƙwan HID ba shi da wannan waya. A cikinsa akwai iskar zenon da wasu gishirin ƙarafa a tsakanin tsinke biyu, kuma aikin balas shi ne ya ɗaga wutar 12V zuwa sama da 20,000V na ɗan ƙanƙanin lokaci domin wuta ta tsallaka tsakanin tsinkayen, sannan ya sauko da ita ya riƙe ta a wajen 85V. Shi ya sa take ɗaukar daƙiƙoƙi kafin haskenta ya cika, kuma shi ya sa bai kamata a taɓa wayar da ke tsakanin balas da ƙwai ba alhali tana kunne. A mota aka fara amfani da ita, a BMW ta shekarar 1991.

Maganar mai shago tana da ƙanshin gaskiya, domin ƙwan HID na ainihi mai 35W yana ba da kusan lumen 3,000 (lumen ma'aunin yawan haske ne), alhali ƙwan halojin na babur, wato mai siririyar waya, mai 35W bai kai lumen 1,000 ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne kuɗin da batir zai biya. Idan aka haɗa da abin da balas ɗin kansa yake ci, fitilar tana jan kusan 3.5A tana kunne, kuma a lokacin tashi tana jan ninkin hakan ko fiye. Batirin irin waɗannan babura yawanci wutar da yake iya ajiyewa ba ta wuce 5Ah ba, cajin da ake mayar masa kuwa an auna shi ne don sitata, hon, sigina da fitilar birki kawai, tun da babbar fitila tana da nata layin daga koyil. Idan ka ɗora masa 3.5A alhali abin da yake shiga bai kai haka ba, ƙarewarsa lokaci kawai take jira.

Game da 8000K kuma, wannan lamba launin haske take nunawa, ba yawansa ba. Wanda ya fi ba da haske a HID shi ne na wajen 4300K, mai fari da ɗan rawaya. Daga 6000K zuwa sama launin yana karkata zuwa shuɗi, kuma hasken da yake isa ƙasa yana raguwa.

Direban_Daf:
Ni ba mai babur ba ne, amma ina da haƙƙin magana a nan, domin mu ne muke haɗuwa da ku a hanya. Ina ɗauko kaya tsakanin Funtua da Gusau da dare, kuma babu abin da yake firgita ni kamar babur mai irin wannan shuɗiyar fitila. Yana tahowa zai dalle maka ido, ba ka ganin gefen kwalta, ba ka ganin mai keke ko mai tafiya a ƙasa da ke gabanka, kuma ko ka yi masa alama ya sauke babu abin da zai sauke, domin dim ɗinsa da ful ɗinsa duk ɗaya ne. Bayan ya wuce ma sai ka yi tafiya mai ɗan nisa kafin idonka ya dawo daidai. Ina roƙon mai tambaya, don girman Allah, ya tuna cewa idan ya makantar da direban da ke ɗauke da tan goma na kaya, shi ne na farko da ke cikin haɗari, domin a kan hanya ɗaya suke fuskantar juna.

Matashin_Zariya:
Alhaji, ina girmama maganarka, amma bai dace a yi wa fitilar kuɗin goro ba. Ni HID nake amfani da ita a babur ɗina mai 150cc, kuma ban taɓa ganin direba ya yi mini alamar in sauke ba. Dalili shi ne ban cusa ƙwan a cikin kaskon fitilar da babur ya zo da shi ba. Na sayi furojekta, wato ƙaramar fitila mai gilashi mai kauri a gaba da faifan ƙarfe a ciki wanda yake yanke hasken sama, aka buɗe gidan fitilar aka ɗaura ta. Idan na haska bango, za ka ga layi a miƙe, ƙasansa haske, samansa duhu. Idan na danna ful, faifan ne yake sauka ya saki hasken sama, ƙwan ba ya mutuwa balle ya sake jiran ɗumama. Na kuma mayar da wutar babur ɗin DC gaba ɗaya. Waɗanda suke dalle maka ido su ne masu sayen kwali su cusa a inda ba wurinsa ba.

Direban_Daf:
Na yarda da kai, ɗana, kuma Allah ya yi maka albarka da ka kula. Sai dai a cikin masu irin wannan fitila da nake haɗuwa da su, irinka ba su da yawa, kuma kwalin da aka nuna wa mai tambaya babu furojekta a cikinsa.

Malamin_Kimiyya:
Alhaji ya taɓo ainihin matsalar. Kaskon da ke bayan ƙwai an lanƙwasa shi ne domin ya tattara hasken da yake fitowa daga wuri ɗaya tak, wato inda siririyar wayar ƙwan asali take zaune. Wutar da ke cikin ƙwan HID ta bambanta da wannan waya a tsawo da siffa, kuma a yawancin masu araha ba ta faɗowa a daidai wannan wuri. Kaucewar milimita biyu ko uku ta isa ta sa kaskon ya watsa haske sama da gefe. Sakamakon shi ne ƙasan gaban tayarka zai yi fari ƙal, idonka ya tsuke saboda wannan haske na kusa, sai ganinka na nesa ya ragu alhali kana jin kamar ka samu ci gaba. Wanda yake gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka hasken da yake ceton rai shi ne wanda ya kai mita 50 zuwa sama, ba wanda ya taru a mita biyar ba. A ƙasashen Turai ma, motar da fitilarta ta ƙasa ta wuce lumen 2,000 dole ne ta kasance da na'urar daidaita tsayin haske da kanta da kuma abin wanke gilashin fitila, saboda datti a kan gilashi yana ƙara watsa haske cikin idon mai tahowa.

Manomi_Gumel:
Malam Rewaya, ɗan'uwanmu na Zariya ya ambaci mayar da wuta DC. Mene ne wannan aiki, kuma zai yiwu a nawa babur ɗin?

Rewaya_Funtua:
Zai yiwu, amma aiki ne da ke bukatar wanda ya san abin da yake yi. A irin babur ɗinka, baki ɗaya na wayar koyil ɗin fitila a haɗe yake da jikin inji, kuma rektifayar da ke kai, wato abin da ke mayar da AC zuwa DC, rabin wutar kawai take tacewa ta aika wa batir. Abin da muke yi shi ne mu buɗe murfin magneto, mu raba wannan baki da jikin ƙarfe, mu jona masa sabuwar waya mu fito da ita, sannan mu sa rektifaya mai tace wutar duka. Daga nan duk abin da koyil ya samar batir yake tafiya, fitila kuma ta sha daga batir ta hanyar rile (makunnin da wuta ke kunnawa) da fis. Bayan an gama dole ne a sa mita a kan batir: idan aka ja totur fitila tana kunne, ya kamata a ga tsakanin 13.5V da 14.5V. Idan ya kasa kai 13V, koyil ɗin bai isa ba, sai an sake naɗa shi ko an canza. Kada a taɓa koyil ɗin da ke ba filogi wuta, wannan dabam yake.

Ina jan hankalinka a kan abu biyu. Na farko, kada ka yarda a ja waya daga batir babu fis, domin ranar da ta goge a jikin firam a ƙarƙashin tanki, gobara ce. Fis na 10A ya isa, kuma a sa shi kusa da kan batir. Na biyu, idan ka tara kuɗin furojekta, rektifaya, rile, aikin hannu da wataƙila sabon batir, za ka ga cewa arahar da ke jikin kwalin ta tafi.

Injiniya_Kaduna:
Ni a ganina zamanin HID a kan ƙaramin babur ya wuce, kuma amsar tambayar Malam ta biyu ita ce LED. Ƙwan LED mai cin 12W zuwa 20W yana iya ba da hasken da ya fi na halojin mai 35W, yana kamawa nan take, ba shi da balas mai ɗaga wuta zuwa dubbai, kuma ba shi da siririyar wayar da girgizar burji take tsinkewa. Akwai waɗanda aka rubuta AC/DC a jikinsu, suna da abin tace wuta a cikinsu, ana iya sa su a soket ɗin babur irin nasa ba tare da an taɓa koyil ba. Abin da zai kula da shi shi ne gindin ƙwan. Ya cire tsohon ya tafi da shi shago, domin akwai BA20D mai ƙusoshi biyu a gefe, akwai P15D mai faifai, akwai kuma HS1 da H4 masu ƙafa uku, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Sannan ya zaɓi mai siririn allo wanda ƙwayoyin haskensa suke gefe biyu a daidai inda wayar tsohon ƙwan take. Ya guji mai ƙwayoyi ta kowace fuska, domin shi ma watsa haske yake yi kamar HID ɗin da Alhaji yake kuka da ita.

Rewaya_Funtua:
Injiniya, na yarda da yawancin maganarka, amma akwai gyara. Masu AC/DC ɗin nan da yawansu suna rawa idan inji yana silo, kuma mai tambaya ya ce a lokacin da ya sassauta totur ne ya fi bukatar haske. Ana iya rage wannan da kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, amma mafi kyau a ba shi wuta daga batir ta rile, tun da 15W bai wuce 1.3A ba, kuma batir mai lafiya yakan iya ɗauka idan caji yana shiga daidai. Sannan LED zafi ne yake kashe shi, kuma zafin a gindinsa yake taruwa. Masu ƙaramar fanka a baya, ƙurar hanyoyinmu tana toshe fankar, ta tsaya, ƙwan ya dushe ko ya mutu. Waɗanda ake kawo mini a mace yawancinsu haka ne. Ga mai bin burji na fi son marar fanka mai gindin alminiyom, ko da haskensa bai kai na ɗayan ba.

Malamin_Kimiyya:
Ƙarin bayani a kan LED: kada a dogara da lambobin da ke jikin kwali. Ƙwan LED na fitilar abin hawa da ya ɗumama yana ba da wajen lumen 100 a kan kowane wat, don haka wanda yake cin 15W zai ba da kusan lumen 1,500. Idan ka ga ɗan ƙaramin ƙwai an rubuta masa lumen 10,000 ko 20,000, ka roƙi mai gyara ya auna abin da yake ja da mita, lissafin zai fito da kansa.

Dan_Damagaram:
Akwai abin da ban ga an ambata ba, kuma mai tambaya mutumin Gumel ne, yanayinmu ɗaya. Idan hunturu ya shigo hazo ya sauka, farar fitila mai ƙarfi tana zama azaba, domin hasken yana bugun ƙura ya dawo maka a ido, ka ga farin bango a gabanka. Haka ma idan kana bin bayan mota a kan burji. Ni na fi samun sauƙi da fitila mai launin rawaya, ta wajen 3000K. Faransa ma ta daɗe tana tilasta wa motocinta rawayar fitila, sai a 1993 ta janye dokar, kuma dattawanmu a Nijar suna tuna tsofaffin motoci masu irin wannan fitila. Rawaya tana ratsa ƙura fiye da fari.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan'uwa, abin da idonka ya gani gaskiya ne, amma dalilin ya ɗan bambanta. Ƙwayoyin ƙura da na hazo suna da girman da suke watsa kowane launi kusan daidai, don haka rawaya ba ta ratsa su da wani bambanci mai yawa. Abin da yake faruwa shi ne ido ya fi jin zafin haske mai shuɗi-shuɗi, don haka wanda ya dawo maka daga rawayar fitila bai kai wancan damuwa ba. Abin da ya fi launi tasiri shi ne inda fitilar take: idan tana ƙasa, nesa da layin idonka, kuma ba ta jefa haske sama, abin da zai dawo maka kaɗan ne. Ko ta wace fuska aka duba, 8000K ita ce mafi muni ga mai tafiya cikin hazo.

Malama_Maijinya:
Ina aikin jinya, kuma maigidana ne yake ɗauko ni a babur idan na tashi aikin dare, don haka ina bin wannan muhawara da kulawa. Ina so in ƙara a kan maganar Alhaji direba cewa idon dattijo ya fi na matashi jinkirin dawowa bayan an dalle shi, kuma wanda yake da yanar ido haske mai ƙarfi yana baje masa gaba ɗaya. A ƙauyukanmu dattawa da yawa suna dawowa daga masallaci ko kasuwa a ƙasa ko a kan keke a daidai lokacin da mai tambaya yake kan hanya. Ina kuma tunatar da shi fitilar baya. Mun sha karɓar waɗanda aka buge ta baya saboda ba a gan su ba, kuma ƙwan baya da ɗan jan gilashi mai mayar da haske ba su kai kuɗin komai ba idan aka kwatanta da abin da ake magana a kai.

Baba_Bakanike:
Yarana, kun yi bayani mai kyau, amma kun fara daga sama. Tun ana yayin babura masu 6V nake wannan sana'a, kuma mafi yawan masu zuwa mini da kukan fitila ba sabuwar fitila suke bukata ba. Ɗana na Gumel, ka buɗe gidan fitilarka ka duba. Idan gilashin ƙwan ya yi baƙi, ya tsufa. Idan kaskon ya dushe ko ƙura ta kwanta a kansa, rabin haskenka a nan yake mutuwa, kuma idan azurfar jikinsa ta ɓare babu ƙwan da zai gyara shi, sai sabon kasko. Ka duba wayar as, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe, inda aka ɗaure ta a firam, ka kankare tsatsa. Ka duba makunnin hannu, domin datti yana shiga ya rage wuta. Malamin kimiyya zai gaya maka cewa idan wutar da ke isa ƙwan halojin ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Ka sa sabon halojin mai kyau na 35W, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa domin maiƙon hannu yana rage masa kwana. Kada kuma a ruɗe ka da mai 55W ko 100W, koyil ɗinka ba zai iya ciyar da shi ba, zafinsa kuma yana narkar da soket da kaskon roba.

Malamin_Kimiyya:
Lissafin Baba daidai ne.

Dan_Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ina da gargaɗi ga duk wanda zai bi hanyar ɗan'uwanmu na Zariya. Furojekta da yawa da ake cirowa daga motocin da aka wargaza an yi su ne don ƙasashen da ake tuƙi ta hagu, irin su Japan da Ingila. Layin haskensu yana ɗagawa ta ɓangaren hagu domin ya haska gefen hanya. Mu kuwa ta dama muke tuƙi, Najeriya tun 1972, Gana tun 1974, Nijar kuma dama can haka take, don haka wannan ɗagawar a idon mai tahowa za ta sauka. A haska bango kafin a biya kuɗi: ko dai layin ya zama a miƙe, ko ya ɗaga ta dama.

Matashin_Zariya:
Wannan gaskiya ne, tawa mai miƙaƙƙen layi ce. Amma ban yarda da Injiniya ba cewa zamanin HID ya wuce. A kan doguwar kwalta irin ta Zariya zuwa Kano, har yanzu ban ga ƙwan LED mai araha da aka sa a kaskon asali ya kai nisan da tawa take kaiwa ba.

Injiniya_Kaduna:
Ƙanina, kana kwatanta aikin da aka kashe wa kuɗi da ƙwai guda ɗaya. Ka kwatanta taka da furojekta mai LED a cikinta, sannan mu yi magana. Kuma mai tambaya ba doguwar kwalta yake bi ba, burji yake bi da ƙaramin gudu, inda faɗin haske ya fi masa nisa amfani, domin saniya daga gefe take shigowa.

Manomi_Gumel:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi maganar Baba na buɗe fitilar, na tarar da ƙwan ya yi baƙi, kaskon da ƙura, wayar as kuma ta yi tsatsa. Bayan gyara da sabon halojin haske ya ƙaru sosai idan ina gudu, kuma na canza ƙwan baya kamar yadda Malama ta ce. Sai dai dushewar nan idan na sassauta totur tana nan. Na fasa sayen kwalin 8000K, amma ban yanke tsakanin ƙwan LED da ƙananan fitilun nan biyu da ake ɗaurawa a ƙasa, masu fari da rawaya ba. Sannan ina yawan ɗauko buhun gero a baya, kuma na lura idan na yi lodi hasken yana tashi sama.

Rewaya_Funtua:
Dushewar ba za ta tafi ba muddin fitilar tana shan AC, domin a silo koyil ba ya samar da isasshiyar wuta. Ƙananan fitilun suna da amfani a burji idan aka ɗaura su ƙasa, aka sunkuyar da su, aka ba su nasu makunni da rile da fis, kuma aka kashe su da zarar an hango mai tahowa. Ka tambayi abin da suke ci su biyun a haɗe, kada ya wuce 20W idan ba a mayar da wutarka DC ba, kuma ka sa a auna cajin batirinka tukuna.

Maganar lodi kuwa, ga yadda ake saiti. Ka sami fili mai lebur, ka tsaya mita 10 daga bango kana zaune a kan babur. Ka auna tsayin tsakiyar fitilarka daga ƙasa, ka yi alama a bango a wannan tsayi. A dim, saman hasken ya kamata ya sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da alamar. Idan tsayin fitilar santimita 90 ne, saman hasken ya tsaya tsakanin 75 da 80. Tun da kana yawan ɗaukar buhu, ka yi saitin da buhun a baya, ƙusar saitin tana ƙasan gidan fitila ko a gefensa.

Dan_Damagaram:
Ni dai ƙananan fitilun zan zaɓa saboda rawayar, hunturu yana tafe.

Injiniya_Kaduna:
Ni kuma ƙwan LED marar fanka a babbar fitila zan fara sawa, domin ƙananan fitilun dole ne a kashe su duk lokacin da aka haɗu da wani, kuma a wannan lokacin zai koma kan halojin ɗin da yake dushewa a silo. Malam Rewaya, idan cajin batirinsa ya nuna ƙasa da 13V fitila tana kunne, za ka ba shi shawarar canza rektifaya kawai, ko sai an buɗe koyil?

Rewaya_Funtua:
Sai na ga abin da mita ta nuna a silo da kuma a rabin totur. Malam na Gumel, idan an auna ka turo mana lambobin biyu, tare da abin da aka rubuta a jikin batirin.